Daga Tauraruwar Kudu Zuwa Taku

Lahadi 6 ga Oktoba, sha ɗaya na safe

Na share sal, ɗakin rawarmu, na goge madubai, na kunna lasifika. Mata huɗu suka zo. Wata guda da ya wuce, Lahadi irin ta yau mu ashirin da shida ne, har na baya suna gogar bango. Huɗun ma na koya musu kamar ɗakin cike yake. Ni Rakiyatu 'yar Birnin Damagaram, shekara tara ina koya wa manyan mata rawa a wannan ɗaki na unguwar Tahaggart, a garin Tamanrasset, ban taɓa rufe ƙofa don mutane sun yi kaɗan ba, ba kuma bana zan fara ba.

Hajjo ce ta riga kowa, kamar kullum. Ta haura saba'in. Lokotoro ne, likitan asibiti, ya turo mini ita saboda ciwon sukari, shekara uku ke nan, yanzu ko zazzaɓi take yi sai ta zo. Ta dubi filin wayam ta ce, "Madalla, yau dai ba mai taka mini ƙafa."

Rahma ba ta zo ba. Kwana tara ke nan. Ita ke riƙe mini ajin yamma tun shekara shida. Lakilen sal, makullin ƙofar, na hannunta, ban aika a karɓo ba.

Litinin 7, bayan azahar

An yi rubutu da gawayi a ƙasan allonmu, daidai inda aka sa Tauraruwar Kudu. Ba zan kwafe shi a nan ba. Na wanke da kaina, da rana tsaka, da bokiti da soso. Mai butik, kantin da ke tsallaken titi, yana kallona. Na gaishe shi, na tambaye shi iyali.

Talata 8, safe

Uku.

Laraba 9, bayan la'asar

Tijani mijina ya baro shagonsa na kasuwar Asihar tun rana na sama, abin da ba ya yi sai an yi rasuwa. Ya zauna bakin gado bai ko cire takalmi ba.

"Rakiya, bidiyon nan ya iso layinmu. Mai turare na kusa da ni ya nuna mini, bai san matata ce mai wurin ba."

"Ka gaya masa?"

"Na gaya masa. Ya kashe waya, ya yi ta ba ni haƙuri kamar an yi mini mutuwa."

Bidiyon bai kai minti ɗaya ba. Salima ce, ɗalibata, tana rawa a ajin Alhamis, ba mayafi, gashi a sake, tsakanin mata 'yan'uwanta. A kan sit ɗinmu na intanet aka tsince shi. Wani ɗan banza ya cire kiɗanmu ya sa wani, ya ɗora magana a kai, ya saki cikin wayoyin gari. Maganar ba za ta shiga littafin nan ba. Mijin Salima ya kai ta gidan uwarsa a garin Abalessa tun makon farko. Wayarta a kashe.

Kowa ya ce Rahma ce ta ɗauka ta ɗora, don ita ce kullum waya a hannu. Ni ban ce ita ce ba. Ban ce komai ba.

Tijani ya ce in rufe wata biyu. Na ce ko kwana biyu. Sai ya ce, "To sunan dai ya mutu. In ba za ki rufe ba, ki sake suna, ki sake sit ɗin nan gaba ɗaya. Amatullahi, 'yar Mahamane na Agadas, ita ke yi wa masu kai baƙi hamada nasu. In kira ubanta?"

Na ce ya kira. Tijani bai taɓa ganin cikin sal ana aji ba, namiji ba ya shiga, amma shi ya ɗauko madubai shida daga tasha, ɗaya bayan ɗaya, a naɗe cikin bargonmu.

Asabar 12, hantsi

Amatullahi ta zo da ordinatar, kwamfutarta, a jaka. 'Yar siririya mai tabarau, ba ta wuce talatin ba. A nan Tamanrasset aka haife ta, Hausarta rabi Larabci ce. Ta buɗe tsohon sit ɗinmu, ta dafe kai.

"Ya latif! Tanti, wa ya yi muku wannan?"

Na ce Sadiƙu ne, ɗan tela, kafin ya koma Wahran. Ni kuwa ina son abina. Taurari na zubowa daga sama, waƙa na tashi da kanta, ga sunana da manyan baƙaƙe ruwan zinariya.

Ba taurarin suka dame ta ba. Ta yi ta gangarawa ƙasa tana nuna mini da yatsa: adireshinmu, lokacin kowane aji, hotunan mata sun fi arba'in, fuska a fili, wasu har da suna.

"Kin san duk duniya ke ganin wannan? Ba matan Tahaggart kaɗai ba."

Na ce hotunan walimar ƙarshen shekara ne, kowa na murna.

Ta ce, "Murna daban, yarda daban."

Yarinyar da na ba wa shekara ashirin. Na haɗiye.

Ta nemi kalmar sirri ta shiga ciki. "Ke da wa kuke da ita?"

"Ni da Rahma."

Gaskiya ce ai.

Kafin azahar ta rufe shi. Aikin shekara bakwai, da danna yatsa ɗaya. Bayan ta tafi na nemi sunan a wayata. Fari fat.

Lahadi 13, safe

Na share, na goge madubai. Biyar. Hajjo ta jawo maƙwabciyarta da hannu, matar ta zauna a kujera har aka tashi, amma na ga yatsun ƙafarta suna bin kiɗa.

Talata 15, bayan la'asar

Amatullahi ta kawo sunaye a takarda. Lafiyar Mata. Gidan Motsa Jiki. Wani kuma da Faransanci. Duk cikinsu babu rawa.

"Da gangan ne, Tanti. A cire kalmar nan. Ku ci gaba da abinku a ciki, a waje a ce motsa jiki ne. Mazan za su huce."

Sai na ji jinina ya hau. Na ce mata kakata ta yi rawa a bikin rabin unguwannin Birni da Zango na Damagaram, kuma ta mutu da carbi a hannu, sahun jana'izarta har bakin titi. Na ce ta san su wa ke zuwa nan? Ungozoma biyu. Malamar lekkol, makarantar boko. Masu sayar da turare da kayan miya. Uwayen amare masu gudun jin kunya a bikin 'ya'yansu. Da waɗanda lokotoro ya ce su motsa ko su kwanta. Ina koya musu takun biki irin na gida, da rawar tende, gangar turmi ta mutanen nan, da ta Larabawan arewacin ƙasar nan mai ɗaurin gyale a ƙugu. Wanne ne abin ɓoyewa a ciki? In na goge rawa daga allon nan, to na yarda ke nan da mai gawayi.

Ta cire tabarau ta dube ni. "To kawo naki."

Ban shirya ba. Sai abin da nake faɗa sau ɗari a wuni ya zo bakina: taku ɗaya, taku biyu, juya. Na ce, "Taku."

Ta maimaita shi a hankali. Ta ce Balarabiya za ta iya faɗa, mai jin yaren Tamahak za ta iya faɗa, kuma gajere ne a adireshin intanet. Sannan ta yi dariya. "Kuma taku ce. Ba tawa ba, ba taki ba."

Wallahi ban lura ba sai da ta faɗa, amma ban bari ta gane ba.

Taku, Gidan Rawar Mata. Ni na raɗa shi. Na faɗa wa madubi sau uku.

Alhamis 17, azahar

Launi biyu: shuɗin baba da jan lalle. Zinariya ta tafi. Na yi mata gardama rabin awa, na sha kaye, kuma da ta nuna mini su gefe da gefe na ga gaskiyarta, tsohon kamar takardar alewa yake. Tambari sawun ƙafa ne guda biyu, ɗaya ya ɗan riga ɗaya. Harshe uku, Hausa da Larabci da Faransanci, kuma na ce Hausa ce a sama. Ba adireshi. Lambar waya kawai, mace ce za ta ɗauka, ita za ta yi kwatance.

Sai da muka gama duk wannan ta ce tana kwashe tarkacen tsohon sit, ta ci karo da wani shafi. "Sit yana rubuta komai, Tanti. Wa ya shiga, da wace waya, ƙarfe nawa ya ɗora abu." Ta juyo mini da ordinatar.

Na tashi ɗora shayi.

Da na dawo ta riga ta rufe. Ta sha kofi na fari, ta sha na biyu. Tana rataya jaka ta ce, "Ni gini aka kira ni in yi. Amma ba na son ɗora bango a kan rami."

Na ce ta gaida Mahamane.

Juma'a 18

Ban fita ba.

Asabar 19, da yamma

Bikin sunan jikar Sharifu a unguwar Gat-el-Wad. Rahma na can. Ta rame. Da ta zauna kan tabarma, mata biyu suka ja mayafi suka rufe fuska, ɗaya ta ce da ƙarfi, "A ɓoye kai, ga mai hoto." Aka yi dariya. Na ji ana cewa amare uku sun fasa ƙunshi a wurinta. Da lallen nan da ajin yamma take riƙe 'ya'yanta biyu tun da aurenta ya mutu.

Ta taso har inda nake, ta rusuna. "Ina wuni, Tanti. Ya sal?"

Na ce lafiya lau.

Ta dube ni. Ba fushi, ba roƙo, kallo kawai. Tana tsaye a bayana ranar Alhamis ɗin da aka ɗauki bidiyon.

Ban ce komai ba. An ce shinkafar ta yi daɗi.

Lahadi 20, safe

Na share, na goge madubai. Bakwai. Biyu sun dawo ne don sun ji wai na kori Rahma. Ɗaya har ta yaba mini. Ban kore ta ba. Ban kuma ce ban kore ta ba.

Talata 22, hantsi

Ranar hoto. Amatullahi ta zo da takardun yarda, kowace mace ta sa hannu da kanta ko ta dangwala yatsa. Malama Alheri ta lekkol ta tambaya ko sai ta kai wa maigida ya sa. Amatullahi ta ce, "Ƙafar wa za a ɗauka?" Aka kwashe da dariya, karo na farko a ɗakin nan cikin wata guda.

Ƙafafu kawai da hannuwa. Ƙafa mai lalle, ƙafa mai kaushi, ƙafar ungozoma da ta kumbura don tsayuwa. Tafin hannu a kan fatar tende. Gefen zane yana tashi lokacin juyi. Da ta nuna mana a ordinatar na gane kowacce, ko ɗaya ban ɓata ba. Shekara tara ina kallon ƙafafun nan.

Hajjo ta ƙi. "Ni ƙafata ba ta da kyau. Fuska za ki ɗauka."

"Duk duniya za ta gani fa, Hajjo."

"Ta gani. Mijina na kabari, 'ya'yana sun yi furfura. Wa zai kai ni Abalessa?"

Mata suka sunkuyar da kai. Ita kuwa ta gyara ɗankwali, ta ɗaga hannu biyu sama, ta washe haƙoran da suka rage mata. Wannan hoton ne zai zauna a shafin farko. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamarsa ba, kuma a ɗakina aka yi shi, gaban madubina.

Alhamis 24, azahar

Shafi na ƙarshe shi ne ƙa'idar gida. Waya a kwando bakin ƙofa. Ba a ɗaukar kowa hoto sai da yardarta a rubuce. Duk wadda ta janye yardarta, a sauke nata a ranar. A ƙasa kuma: Ni Rakiyatu na ɗauki wannan alkawari. Amatullahi ta miƙo mini biro in sa hannu a farar takarda, za ta ɗauka ta ɗora a ƙarƙashin layin.

Na riƙe biro. Na ce wuyan hannuna ke ciwo.

Ta ce ba gaggawa. Komai a shirye yake, wannan kawai ya rage.

Juma'a 25, safe

Na ce wa Tijani ya kai ni Abalessa gobe. Bai tambaye ni dalili ba. Ya fita duba taya.

Asabar 26, bayan la'asar

Mun fita da sanyin safiya. Duk hanya ina shirya magana, muna shiga garin ta watse. Ana yankan dabino, kowane lambu da mutum a kan bishiya. Tijani ya tsaya wurin maza. Surukar Salima ta karɓe ni ba yabo ba fallasa, ta nuna mini bayan gida da haɓa.

Na same ta a inuwa, kan tabarma, tana ware dabino mai kyau da mai tsutsa. Ta gaishe ni kamar jiya muka rabu. Na zauna a ƙasa, ban jira a kawo ruwa ba, don na san in na sha ruwa ba zan faɗa ba.

"Salima, ni ce. Ni na ɗauka, ni na ɗora. Rahma ba ta taɓa shi ba."

Hannunta bai tsaya ba. "Na sani, Tanti. Na gan ki a madubi."

Na rasa inda zan sa idona.

"Na zaci don ni kika ɗauka," ta ce. "Na ce Tanti za ta kira ni gefe ta nuna mini, in ga kaina."

Bari in rubuta shi sau ɗaya, tunda littafina ne. Salima ta zo mini bayan ta haihu ɗan bai zo da rai ba. Wata takwas tana sahun baya, da ƙyar take ɗaga ƙafa, ba ta kallon madubi. Ranar Alhamis ɗin nan, ba wanda ya kira ta, ta fito tsakiya da kanta. Mata suka ja baya suna tafi. Na ji kamar ƙirjina zai fashe. Na ɗauka. Da na koma gida na ɗora, ko sallar magariba ban jira ba. Ban tambaye ta ba don ban ma tuna akwai abin tambaya ba. Kuma ba Salima nake son a gani ba. Aikin Rakiyatu nake son a gani.

Na roƙe ta gafara. Na yi kuka a lambun mutane, ni da ban yi ba ko ranar da aka yi rubutun gawayi.

"Na yafe miki don Allah," ta ce. "Amma ba zan dawo ba. Ba yanzu ba. Shi bai sake ni ba, bai kuma zo ba. Ina nan dai." Ta share hannu a zane. "Na ainihin yana nan? Mai kiɗanmu?"

Na ba ta wayar. Ta kalla sau biyu, ta rage murya don kada surukarta ta ji. A na biyu ta ɗan yi murmushi. "Ashe haka nake."

Sannan ta goge shi da yatsanta, ta shiga inda goggagun abubuwa ke taruwa ta sake gogewa, ta miƙo mini.

Ta cika mini leda da dabino. A bakin ƙofa ta ce, "Ni ƙaddara ta same ni. Rahma ke kika same ta."

A hanya na gaya wa Tijani. Muka ci gaba da tafiya. Can ya ce, "Tun makon farko na san akwai abin da kika haɗiye. Ba kya gama kwanonki." Ya ƙara da cewa, "Da kin rufe sal da ya fi miki sauƙi." Na ce na sani. Ya ce, "Shi ya sa ban nace ba."

Lahadi 27, bayan azahar

Gidan Rahma. Na same ta tana wanki a tsakar gida. Ta tashi za ta ɗauko mini kujera, na ce ta bari. Na faɗa a tsaye.

Ta matse rigar da ke hannunta, ta shanya, sannan ta juyo.

"Wata guda, Tanti. Kullum in gari ya waye sai in ce yau za ta faɗa."

"Me ya hana ki faɗa da kanki?"

"Wa zai yarda? Ke ce Tanti. Ni kuwa bazawara ce mai waya." Muryarta ta karye, ta gyara ta. "Kuma ke kika koya mini duk abin da na iya. Na kasa."

Na ce ta yafe mini, ta dawo aikinta.

Ta ce, "Ba a tsakar gidan nan aka zage ni ba."

Gaskiyarta. Na ce Talata, ƙarfe goma.

Litinin 28

Na kira su ɗaya bayan ɗaya, duk ashirin da biyar. Na ce akwai magana, ba aji ba ne.

Talata 29, bayan la'asar

Sha huɗu suka zo. Rahma ta tsaya bakin ƙofa, jaka a kafaɗa, kamar mai jiran mota. Na tsaya inda nake tsayawa kullum, madubi a bayana, na faɗa da Hausa, na sake faɗa da Larabci don kada wata ta ce ba ta ji ba. Ban sa "amma" ko ɗaya ba. Na ce na ɗauka, na ɗora, na yi shiru ana jifan wadda ba ta ci ba ba ta sha ba, kuma shirun ya fi ɗaukar muni.

Malama Alheri ta ɗauki jakarta. "Tanti, ni ƙafata kada a sa." Na ce za a sauke yau. Ta fita, biyu suka bi ta. Ban ga laifinsu ba.

Wadda ta yaba mini kan korar Rahma ta sunkuyar da kai. Can ta tashi ta je ta kama hannun Rahma da hannu biyu. Ban ji abin da ta ce ba.

Hajjo ta buga sandarta a ƙasa. "Kin yi abin kunya, 'yata. Babba." Ta bari ya zauna mini sosai. Sannan ta ce, "To, wadda ta faɗi a tsakiyar fage, a tsakiyar fage take tashi. A kunna kiɗa, kafin gwiwata ta sandare."

Ba a yi aji ba sosai. Amma kafin su watse na ɗauki muryata a waya, magana ɗaya da wadda na yi, na ce su tura duk inda aka tura wancan. Ya bi gari shi ma.

Amatullahi ta zo da la'asar. Na sa hannu. Babba na yi shi, har ya kusa fita takarda. Na ce ta sauke ƙafar Malama, ta kuma ƙara layi a shafin masu koyarwa: Rakiyatu da Rahma, baƙaƙe girma ɗaya. Ta ce, "Saha, Tanti." Ita ce kalmar yabo ta farko da na ji daga bakinta.

Laraba 30

Mai turaren Asihar ya ji muryata. Tijani ya ce bai ba shi haƙuri ba wannan karon, shayi ya aiko masa. Wasu kuwa sun ce ai dama. Su ce.

Alhamis 31, hantsi

An kafa sabon allo. Shuɗi, sawu biyu jajaye, Taku, Gidan Rawar Mata. Na sa mai fenti ya ƙara wa kalmar Rawa kauri. Mai butik na tsallake ya fito ya karanta da ƙarfi, ya ce ya fi na da. Na ce na sani.

Ƙarfe sha ɗaya Amatullahi ta danna, sit ya buɗe. Muka taru kan waya ɗaya mu huɗu. Ga Hajjo hannu a sama, faɗin allo. Ba tauraro mai zubowa, ba waƙa mai tashi da kanta. In ka taɓa wani ɗan da'ira sai ka ji tende da tafi, ba fuskar kowa. Hajjo ta dubi kanta ta daɗe, ta ce, "Kai, tsohuwar nan ta iya."

Kafin azahar waya ta yi ƙara sau uku. Ɗaya namiji ne, Rahma ta kashe. Ɗaya mai jinya ce 'yar arewacin ƙasar nan da aka turo aiki garin nan, ba ta san kowa ba. Ta uku ta yi tambaya ɗaya kawai, ko da gaske ne maganar kwando. Rahma ta ce ta zo ta gani.

Na tura wa Salima adireshin. Bai shiga ba, wayar a kashe take har yanzu. Na bar shi a can.

Lahadi 3 ga Nuwamba, sha biyu na rana

Goma sha uku, biyu sababbi. Rahma ta riga ni zuwa, na tarar ta share.

Da za a fara na ce ita za ta ja ajin safe yau. Ta zaro ido. Shekara tara ba wanda ya tsaya a wurin nan da safe sai ni. Na wuce sahun baya, tsakanin Hajjo da mai jinya, inda ba a ganin komai sai ƙeyar mutane da ɗan gefen madubi. Ashe daga can kiɗa na iso wa mutum a makare. Ban taɓa sani ba.

A juyi na uku na riga kowa da rabin taku. Rahma ta ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya.

"Tanti, kin yi gaggawa. Jira 'yan'uwanki."

Mata goma sha uku suka juyo suna kallona.

Na ce, "To, Malama. A sake."

Aka sake. Na yi daidai.